Shekarar da Yayana Ya Yi Kiwon Kifi

Ni na ba yayana shawarar ya haƙa ramin kifi. Gara in faɗi wannan tun farko, domin duk wanda ya tashi ba da labarin a garinmu yakan tsallake wurin, ko don yana jin nauyina, ko don ganin ni malamin makaranta ne.

Yayana ya girme ni da shekara goma sha uku. Ina aji biyu na firamare mahaifinmu ya rasu, shi kuwa bai daɗe da aure ba. Shi ya riƙe ni, matarsa ta ƙarasa renona, shi ya sa har yau Inna nake ce mata. Albasar da yake nomawa ce ta kai ni sakandare, ta kai ni kwalejin horon malamai, har aka ɗauke ni aiki aka tura ni Boɗinga. Shi bai taɓa barin Mandera ba. Da damina yana gonar tudu, gero da dawa da wake, yana huɗa da shanunsa biyu. Da rani ya gangara fadama ya dasa albasa.

A fadamar, iyaka ɗaya ce tsakaninsa da amininsa. Tare suka tashi, shi ne babban abokinsa ranar aure, kuma sun fi shekara talatin suna cin abincin rana a kwano ɗaya a gindin wata giginya da ke kan iyakar. Aminin mutum ne siriri mara yawan magana. Da ƙuruciya ya yi su a madatsar ruwa ta Shagari, kuma ko bayan ya daina yakan jefa ƙugiya jefi-jefi don miyar gida.

Shekara uku a jere cuta ta shiga albasa. Ganye ya murɗe, ya yi ruwan ɗorawa, ya kwanta kafin ƙwaya ta kama. A shekara ta uku na zo hutu na tarar da yayana tsugune cikin fangalin albasa yana tumɓuke shukar yana dubawa, yana jefarwa. A lokacin ne na kawo masa zancen kifi. Na ga wani abokin aikina a Boɗinga yana kiwon tarwaɗa a bayan gidansa, na ga 'yan kasuwa suna zuwa har ƙofa suna ɗauka. Na zayyana masa abin kamar na shekara goma ina yi, alhali ko abinci ban taɓa watsa wa kifi ba. Ya saurare ni har na gama. Tambaya biyu kawai ya yi mini: me suke ci, kuma wata nawa suke yi kafin a sayar.

Inna ce ba ta yarda ba, kuma ba kifin ta ƙi ba, sayar da shanun ta ƙi. Ta ce albasa ta ƙi ma ana cin gero, amma in shanu suka tafi geron ma zai yi wuya. Yayana ya ce mata yaron ga ya yi karatu, ba zai kai shi ga ɓata ba. Ina da 'ya'ya huɗu a lokacin, amma a bakinsa yaro nake.

Da aka gama kaka ya kora shanun kasuwar Shagari. Shi da amininsa suka yi kusan wata guda suna haƙa a ƙarshen fadamar, inda ƙasa take laka ce mai riƙe ruwa. Aminin ne ya ce a kwantar da gefe ɗaya ya zama gangare, don mutum ya iya sauka ya hau ba tare da zamewa ba. Suka cika ramin da injin ban-ruwa. Ni kuma na ɗauko 'ya'yan tarwaɗa dubu ɗaya daga Sakkwato cikin jarkoki, kowanne bai fi tsawon ɗan yatsa ba.

Makonnin farko ban taɓa ganin yayana haka ba. In ya watsa abinci sai ruwan ya yi ta tafasa, baƙaƙen kawuna suna tasowa suna wawaso, shi kuma yana tsaye da kwano a hannu yana dariya shi kaɗai. Mutane suka riƙa gangarowa kallo. Har waya ya koyi kira don ya gaya mini sun ƙara girma.

Sai wayar ta fara canjawa. Ya ce wawason ya ragu. Na ce sanyi ne, kifi ba ya cin abinci sosai in ruwa ya yi sanyi. Bayan mako biyu ya ce ba sanyi ba ne, kifin ne ba su kai yadda suke ba. Bai ga ko ɗaya ya mutu ya taso ba, bai ga sawun dabba ba. Ya tabbata wani ne ke ɗiba. Ya kafa 'yar bukka a bakin ramin ya koma kwana can, ba ya barin wurin sai an kira asuba, ya hau gari ya yi salla, ya zauna lazimi har rana ta fito kamar yadda ya saba, ya karya kumallo sannan ya dawo. Duk da haka kifi bai daina raguwa ba.

Ana cikin haka wata mata ta gaya wa Inna cewa ta shiga gidan amininsa ta tarar ana suyar ƙananan tarwaɗa. Inna ta yi kuskuren faɗa masa, kuma ta daɗe tana cizon yatsa a kan haka. Yayana ya haɗa lissafinsa: mutum ya iya su, ya san ramin ciki da bai tunda da hannunsa aka haƙa, kuma ya san lokacin da ba kowa a wurin. Bai tambaye shi ba. Kai tsaye ya tafi wurin mai gari.

Ba na nan ranar, Inna ce ta ba ni labari. Ta ce mutumin ya bayyana cewa a madatsa ya kamo kifinsa, har ya ambaci waɗanda suka gan shi. Mai gari ya so a bar maganar a nan, dattawa suka ba yayana baki, ya ƙi. Ya ce shanunsa biyu ne cikin ruwan nan, ba zai tashi ba sai an rantse masa. Aka ɗauko Alƙur'ani. Mutumin ya yi alwala a gaban jama'a, ya dafa, ya rantse, ya sa takalminsa ya fita bai dubi kowa ba.

Bayan kwana tara na zo ƙarshen mako. Da asubar Asabar, ana sallamewa na fito daga masallaci, na bar yayana a sahu da carbinsa. Ban yi niyyar binciken komai ba, barci ne ba na ji, na ce bari in gangara in ga ramin. Gari ya fara wayewa, ana iya rarrabe mutum da itace. Ina zuwa gindin giginya na tsaya.

Zalɓe ne tsaye a gefen gangaren, ruwa ya kai masa gwiwa. Dogo ne, launin toka, ya naɗe wuyansa ya zuba wa ruwa ido. Ba ya motsi ko kaɗan, da ban san ba a kafa komai a wurin ba sai in ce kara ne. Can sai wuyan ya miƙe, bakin ya shiga ruwa ya fito da kifi a gicciye. Ya juya shi, ya ɗaga kai, na ga kifin yana gangarawa cikin maƙogwaronsa. Ya koma ya tsaya yadda yake. Na zauna a kan tushen giginyar ina ƙirgawa. Bakwai ya haɗiye kafin rana ta ɓullo. Da ya ji muryar masu jakuna daga nesa ya buɗe fukafukai ya tashi a hankali, ƙafafu a miƙe a baya, ya nufi wajen madatsa.

Yini guda na riƙe maganar a cikina. Na zauna da yayana, muka ci tuwo, yana ta gaya mini cewa rantsuwa ba ta hana wasu mutane komai. Sai da asubar Lahadi na dafa kafaɗarsa bayan sallama na ce ya biyo ni, akwai abin da zan nuna masa.

Muka tarar da shi a wuri ɗaya, kamar an ajiye shi. Yayana ya tsaya a bayana yana kallo. Na zaci zai ɗauki hoge ya jefe shi, bai yi ba. Ya bari har ya haɗiye na uku, sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ashe bisa tsuntsu nis sa mutum ya dahwa Alƙur'ani."

Muka juyo gida.

Da la'asar ranar muna zaune a tsakar gida a inuwar dogon yaro, Inna tana tsince wake, ido ɗaya a kan tire, ɗaya a sama. Ita ma tana da nata tsuntsun. Tun ina yaro take yaƙi da shirwa a kan 'yan tsakinta. Ta kife su da akurki, ta tsoma su cikin ruwan bula don launin ya ruɗe ta, ta rataya tsohon murfin tukunya a reshe tana bugawa. A lokacin tana da kaza da ta ƙyanƙyashe tara, saura huɗu. Duk da haka, da yayana ya gaya mata abin da muka gani, sai ta ajiye tiren ta ce:

"Ni dai shirwa ta hi man zalɓe. Ita da rana tsaka taka zowa, ka ga inuwatta, kaza ta yi kuka, kai ma ka yi kuwwa. In ta ɗauka ka san wa yaɗ ɗauka, ba ka zargin kowa."

Yayana bai yarda ba. Ya ce shirwa ba ta da kunya, a hannun mutum ma takan fizge nama, kuma ba ta taɓa jiran komai ba, abin da wani ya rena take faɗowa a kai. Zalɓe kuwa cikin ruwan sanyi yake tsayawa tun duku-duku, ya yi haƙuri kamar kowane masunci, kuma da bai sami ramin nan ba da yana can madatsa yana neman rabonsa. Ya ce shi ne ya tara masa kifi a kwano ya kuma gyara masa wurin tsayawa. Inna ta ce to ita ma shirwar 'ya'ya gare ta a kan giginya, ba don ƙeta take yi ba. Suka yi ta ja, ba da faɗa ba, kamar mutanen da suka sami wata magana da za su riƙe don kada su taɓa wadda ke damunsu.

Ni ma na sa baki da abin da nake koya wa ɗalibai. Na ce zalɓe doguwar ƙafa gare shi da yatsu masu faɗi don kada ya nutse cikin laka, bakinsa kamar mashi, wuyansa yana naɗewa ya harba. Shirwa kuwa ƙarfinta a farce yake, bakinta lanƙwasasshe ne na yagar nama, wutsiyarta mai baki biyu ce take juya ta cikin iska. Shi da baki yake kamu, ita da ƙafa. Suka saurare ni da ladabi. Da na gama Inna ta tambaye ni ko littafin ya faɗi yadda ake korarsu. Na ce ban ga wurin ba.

Can yayana ya ce, "Ko wane dai cikinsu bai yi ma kowa ƙazahi ba."

Washegari ya roƙi liman ya raka shi gidan amininsa, ni ma na ɗage komawata na bi su. Ya tsuguna a zaure, ya cire hularsa ya ajiye a ƙasa, ya faɗi abin da ya gani da bakinsa, ya nemi gafara. Ya ce a shirye yake ya maimaita a gaban mai gari da duk waɗanda suka halarta. Mutumin ya ce ba sai an tara jama'a ba, ya yafe duniya da lahira. Ya sa aka kawo mana ruwa, ya raka mu har ƙofa. Amma cikin makon ya sari ƙaya ya jera a kan iyakar tun daga giginya har bakin hanya, kuma bai sake zama cin abinci a gindinta ba. In sun haɗu sukan gaisa, gaisuwa cikakkiya, har da tambayar iyali, kowa ya wuce.

Na tambayi abokin aikina yadda ake tsare kifi daga tsuntsu, ya ce shi nasa ramin na siminti ne cikin gida, amma ya ji ana ja wa rami zaren roba. Muka kafa turaku muka ja zaren ƙugiya a kan ruwan, tsaye da gicciye, har ya zama kamar saƙa. Abin ya yi aiki. Kifin da suka rage ba su kai rabi ba, amma suka ci gaba da girma. Zalɓen bai daina zuwa ba, yakan sauka a kan gaɓa ya yi ta kewaya yana leƙe. Da zafi ya fara shigowa manyan sun kai kaurin damtse, har wani mai sayen kifi daga Shagari ya zo ya duba ya ce a ƙara musu wata guda.

Wata Asabar da hantsi muka gangara tare muka same shi ya faɗa cikin zaren. Fiffike ɗaya ya sarƙe, yana rataye rabi a ruwa rabi a sama, ya gaji da fizga. Yayana ya zaro wuƙa. Na ɗauka yanka shi zai yi, sai ya ce zaren zai yanke ya sake shi, ya isa haka nan abin da aka zalunta a kan ramin ga. Ya naɗe wando ya shiga. Ya rungumo jikin tsuntsun ya matse a hammata, ya sunkuya yana neman inda zaren ya naɗe. Bai riƙe wuyan ba. Daga baya masunta suka gaya mini cewa duk wanda zai taɓa zalɓe bakin yake fara kamawa, domin ido yake nema. Mu ba mu sani ba, wanda ya sani kuma yana bayan ƙaya.

Ban ga saran ba don saurinsa. Na dai ji yayana ya yi salati, ya saki wuƙar, ya dafe fuska da hannu biyu, jini yana bi ta tsakanin yatsunsa. Na faɗa ruwan na jawo shi. Tsuntsun yana ta bugun ruwa kusa da mu, na ɗauki ƙotar fartanya na buge shi a ka, na fizge shi na wurgar kan gaɓa. Ko a cikin wannan ruɗani na ji mamakin rashin nauyinsa. Duk tsawon nan gashi ne da ƙashi, bai kai nauyin zakara ba.

Na naɗe masa fuska da rawanina, muka hau kabu-kabu zuwa asibitin Shagari, ina riƙe da shi ta baya. Suka wanke suka ɗaure, suka ce a wuce Sakkwato ba tare da ɓata lokaci ba. A can likita ya duba ya kira ni gefe ya ce idon hagu ya tafi, abin da za su yi ƙoƙari a kai shi ne kada ciwon ya taɓa na dama. Aka yi masa aiki. Wurin ya yi ruwa, zazzaɓi ya kama shi, kwanan da aka ce biyar ne ya zama mako uku. Inna ta tare a gefen gadonsa. Ɗansu namiji yana kudu wurin neman abinci, 'yan matan duk suna gidajen mazajensu.

Duk lokacin da ya farfaɗo zancensa ɗaya ne, a canja wa kifi ruwa duk bayan kwana uku, zafi ya yi yawa. Na ce ya kwantar da hankalinsa, na ɗauki nauyin wannan. Mijin babbar 'yarsa yana zuwa safe da yamma ya watsa musu abinci, amma bai iya tada injin ba, tsohon inji ne mai gardama, ni da yayana kaɗai muka san kansa. Makon farko na je sau biyu. Mako na biyu aka fara jarrabawa a makarantarmu. Na canja ruwa ranar Asabar, na ce wa kaina za su kai wata Asabar ɗin.

Ranar Alhamis kafin azahar ina tsaye cikin aji ina tsaron jarrabawa waya ta yi ta motsi a aljihuna. Na fita baranda na ɗauka. Aminin yayana ne, wanda bai taɓa kirana ba. Ya ce ruwan ya yi kore yana wari tun jiya, kifi duk sun taso suna haki, surukin kuma ya tafi kasuwa tun safe. Na roƙe shi ya tada injin, ga shi nan cikin bukka, akwai mai a galan. Sai ya ce:

"Malam, da bara ce da ban ko kira ka ba, da na tada shi. Yanzu ba ni sa ƙahwata wurin. In wani abu ya ɓace, mi za ni ce?"

Na ce ba wanda zai ce komai, na rantse masa. Ya ce in bar rantsuwa, in dai yi sauri.

Ban iya barin ajin ba sai da aka karɓi takardu. Na sami mota zuwa Shagari, na hau kabu-kabu, ban isa ba sai bayan la'asar. Tun daga kan tudu na hango shirwa. Ban taɓa ganin su da yawa haka a wuri ɗaya ba, sun fi talatin, suna kewaya saman fadamar suna wannan kukan nasu mai kama da fito. Zaren ya tsintsinke tun ranar da abin ya faru ba a gyara ba, saboda haka ba abin da ya tare su. Ɗaya bayan ɗaya suke saukowa su shafi ruwan da ƙafa. Manyan kifin sun fi ƙarfinsu, sai su ɗaga su saki, su koma kan waɗanda iska ta tura gaɓa su yi ta yaga. Ruwan ya rufe da fararen cikkuna. Warin ya tare ni tun kafin in kai giginya.

Na tada injin duk da na san ba amfani. Na shiga ruwan ina laluben masu sauran rai, na sami abin da bai cika kwando biyu ba. Matan unguwa suka zo suka ɗauka don a yi banda. Sauran sun kumbura, ba mai ci. Aminin yayana yana tsaye a gonarsa a bayan ƙaya tun zuwana, ya harɗe hannu a baya. Da ya ga ina ƙoƙarin haƙa rami da fartanya don in binne su, ya tafi ya ɗauko shebur ɗinsa ya miƙo mini ta saman ƙayar. Ya ce in na gama in jingine shi a nan, zai ɗauka. Har magariba ina binnewa, shirwa suna sauka a bayana suna jan abin da ƙasa ba ta rufe ba.

Ranar Juma'a na tafi Sakkwato. Na tarar zazzaɓin ya sauka, yana zaune a bakin gado, rabin fuskarsa a naɗe, Inna tana ba shi kunu. Na gaishe su na zauna. Ya juyo da kansa gaba ɗaya don ya gan ni da ido ɗayan, abin da har yau ban saba da shi ba. Na faɗa masa komai, har da cewa tun Asabar ban je ba. Inna ta ajiye kofin ta fita waje.

"Duka?" ya ce.

Na ce saura kwando biyu da aka yi banda.

Ya gyaɗa kai. Ya tambaye ni ko yara sun gama jarrabawar lafiya, na ce sun gama. Ya ce to madalla, aikin gwamnati ba a wasa da shi. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Bai taɓa tada maganar ba daga ranar, ko sau ɗaya.

An sallame shi ana gab da shuka. A daminar nan da hannu ya yi noma, shi da Inna, suka iya kashi ɗaya cikin uku na gonar, sauran ya ba surukinsa aro. Ido ɗaya ba ya auna nisa, sau da yawa yakan kai sara ga ciyawa ya sare gero. Rana kuma tana sa masa ciwon kai, kafin azahar dole ya nemi inuwa. Da rani bai gangara fadama ba. Amininsa ma a shekarar ya bar tasa gonar ga ƙanensa ya koma noma wajen Horo Birni, inda dangin matarsa suke. Ya zo ya yi wa yayana sallama a ƙofar gida, a tsaye.

Ina aika musu abin da ya sawwaƙa duk wata, amma albashin malami da 'ya'ya shida yanzu ba ya kai ko'ina. Na yi niyyar in sayo masa ko maraƙi ɗaya ne, shekara uku ke nan ina niyyar, kullum shanu suna ƙara yin nisa.

Zuwana na ƙarshe ya rako ni har bakin hanya inda masu babur ke tsayawa. Muna tafiya yana bin gefen haguna don ya riƙa ganina. Da muka kusa ya rage murya ya tambaye ni ko makarantarmu tana neman mai gadi. Ya ce aikin zama ne, ido ɗaya ya isa a ga mai shiga da mai fita, kuma in ba na son a san yayana ne ba sai na faɗa ba. Mutumin da bai taɓa kwana bakwai a wajen Mandera ba sai da ciwo ya kwantar da shi. Na ce zan tambaya.

Na tambaya. Shugaban makaranta ya ce akwai mutum a wurin, kuma ko da babu, an daɗe ba a ɗauki kowa ba. Na gwada wasu makarantu biyu a Boɗinga da wani wurin sayar da mai, duk amsa ɗaya. Yakan kira ni duk Juma'a bayan an sauko masallaci, mu gaisa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗan yi shiru yana jira. Sai in ce masa ana nan ana dubawa.